Karɓo kuɗin jinginar lasisin ruwa bayan aikin ma'adinai

Abin da masu harkar suka fi nanatawa shi ne, ƙarewar wa'adin lasisin ruwa, wato izinin amfani da ruwa a wurin aikin, ba ta dawo maka da kuɗin da ka ajiye jingina a hannun hukuma. Hukuma na riƙe su ne don gyaran wurin idan ka tsere. Sai sufeto ya gani da idonsa an toshe ramukan haƙa, an kwashe gangunan mai, ruwan da ke fita daga wurin ya cika ƙa'ida, sannan a mayar maka da kuɗin.

Shawarar da ta fi kwanta min a rai: ɗauki hotuna tun kafin kafa sansani, ka adana sakamakon gwajin ruwa. Mai gyara wurin kashi-kashi kuma yana iya neman a rage masa kuɗin jinginar.

In sayar da lasisin za ka yi, tabbatar mai saye ya ajiye tasa jinginar tukuna.