Humidifier: wane suna za mu raɗa mata da Hausa?

Jama'a, ku taimaka min. Hunturun bana ɗan autana kusan kullum da haɓo yake tashi, leɓe duk ya tsage. Sai na shiga Sabon Gari na sayo na'urar nan da ake ɗura wa ruwa tana fesa shi cikin iskar ɗaki. Ina shiga gida Hajiya ta ce, "Kai kuma me ka kwaso mana?" Na ce humidifier. Ta ce, "Humi wa?" Nan bakina ya mutu.

Kafin mu kai ga na'urar, ita kanta humidity ɗin fa? Ruwan da ke ɓoye cikin iska ke nan, wanda ido ba ya gani amma hanci ya san da zamansa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar da ke kaɗowa daga Sahara kan sauke shi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a Kano, alhali abin da ake so a ɗaki tsakanin 30 ne da 50. Shi ya sa kaushi da faso da tarin dare.

Wani ya ce laima. Kalma ce ta asali, ban musa ba, amma ka je kasuwa ka ce a ba ka "na'urar laima" ka gani ko ba ta shiga ruwan sama za a miƙo maka ba. Kuma laima ga Bakano abin gudu ce: bango ya jiƙe, katifa ta yi fumfuna. Abin da ke faruwa ke nan in awon ya haura 60. Raɓa kuwa sauka take a kan ciyawa, ba ta zama cikin iska. Ni dai danshi ya fi kwanta min. Danshin iska.

Saura na'urar. "Mai tururi" ba ta yi ba, don tawa ba ta dafa ruwa, sanyayyen feshi take fitarwa, ga shi za a ɗauka ta surace ce. "Jiƙa-ɗaki" kuwa, Hajiya ta ce in dai wannan ne aikinta in fitar mata da ita waje.

Wata yayata da ke aikin jinya ta ce, "Ƙanina, suna ba shi ne damuwata ba. A zubar da ruwan kwana kullum, a wanke ta duk bayan kwana uku, in ba haka ba ƙwayoyin cuta za ta fesa wa yaron." Ta ce ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin farar ƙura a kan kaya. Sannan masu ɗora tukunya a kan gawayi su rufe ƙofa don a sami ɗumi da tururi, su bari, hayaƙin nan kisa yake yi.

To ga inda na tsaya. Da kakanninmu ke ajiye tulu da randa a lungun ɗaki, ruwan da ke tsatsafowa ta jikin yumɓu iska ce ke shanye shi. Aikin ɗaya ne, wannan dai da lantarki take yi. Don haka a rubutu na'urar danshi, a gida kuma tulun danshi.

Na gwada a kan Hajiya da daddare. Ta ce, "Ah to, ka ce min tulu ne mana. Kai shi ɗakin yaran kafin a ɗauke wuta."