Tambaya: na kasa shiga asusun katin bashi na kanti bayan sauya lambar waya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan'uwa mazauna Amurka waɗanda suka san yadda katin bashi na manyan kantuna yake aiki.

Na sayi firji da irin wannan kati bisa sharaɗin cewa babu kuɗin ruwa muddin na kammala biya cikin wata 12, amma idan ko dala ɗaya ta rage bayan wa'adin, za a ɗora mini ruwan gaba ɗaya tun daga ranar saye. Saura wata biyu, kuma gudun riba ne ya sa na yarda da wannan tsari tun farko.

Matsalar ita ce na sauya lambar wayata, kuma duk lokacin da na shigar da sunan asusu da lambar sirri, sai shafin intanet na katin ya tura lambar tantancewa zuwa tsohon layin da ba ya hannuna. Na je kantin, suka ce asusun yana hannun bankin da ya bayar da katin, ba nasu ba. Na kira lambar da ke bayan katin, na ba da lambobi huɗu na ƙarshe na Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa), amma na'urar ta ƙi haɗa ni da ma'aikaci.

Shin idan na aika ceki ta gidan waya, ranar aikawa ake lissafawa ko ranar da ya isa? Kuma wace hanya ce za ta sa bankin ya sabunta lambata ba tare da an rufe asusun ba?