Gwaji biyu sun ba ni amsa biyu, wanne zan bi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin kammala digiri a Kumasi, kuma na makale. Na tambayi gidaje 20 a unguwar Aboabo da 20 a unguwar Asawase kan kwana cikin gidan sauro, don in ga ko akwai bambanci tsakanin unguwannin biyu. A Aboabo gida 9 suka ce suna yi, a Asawase gida 3 kacal.

Gwajin kai-sikwaya (chi-square, gwajin ƙididdiga na kwatanta rukunoni) ya ba ni p = 0.038; p lamba ce da idan ta yi ƙasa da 0.05 ake cewa akwai bambanci, wato a nan akwai bambanci. Gwajin Fisher kuwa, wanda shi ma irin wannan kwatancen yake yi, ya ba ni p = 0.082, wato bai nuna bambanci ba. Na sa wa kai-sikwaya gyaran Yates (gyaran da ake yi masa don ƙaramin samfuri), p ɗinsa ya koma 0.084. Na duba adadin da ake tsammani a kowane gurbi na jadawalin lissafin, mafi ƙanƙanta 6 ne, bai gaza 5 da ake buƙata don kai-sikwaya ba, don haka ban ga laifin kai-sikwaya ba. Malamina yana jiran babin ranar Litinin.

Da samfuri ƙarami haka, wanne gwaji ya kamata in dogara da shi?