Rini ya kama, sai me?

Ɗalibin likita: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ni dai ina nan a kan bakata: idan aka ciro ƙari daga adirinal, wannan ɗan ƙullin da ke saman ƙoda, aka rina shi a ɗakin gwaji, rinin da ake kira sinaftofaisin ya kama, to fiyokuromosaitoma ce, wato ƙarin sashen cikin adirinal. Magana ta ƙare.

Baba na ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam. Ba ta ƙare ba, ɗana. Adirinal gida biyu ne: ɓawon waje mai yin kotisol da aldosteron, da cikinsa mai yin adiranalin. Sinaftofaisin yana iya kama ƙarin duka biyun. Wani rinin, Kuromoguranin A, ita ce ke raba gardama, tana kama na ciki, ta bar na ɓawo. Na ɓawo kuwa rinin SF-1 ake nema, ko inhibin, ko Melan-A.

Ɗalibin likita: To ai duk da haka rini ne alƙali, Baba.

Likitar tiyata: Alƙalin asali dai, ƙanena. Yana faɗa maka gidan da ƙarin ya fito, har ma ya tona baƙo: TTF-1 idan daga huhu ya yaɗo, PAX8 idan daga ƙoda ne. Amma ko ƙarin ɓawo kansa ne, wato ciwon daji, ko a'a, sai an koma ma'aunin Weiss na 1984, abubuwa 9 a madubin likita, 3 sun isa a kira shi kansa. Ki-67, rinin da ke nuna saurin rarrabuwar ƙwayoyin ƙarin, taimako yake yi.

Baba na ɗakin gwaji: Kuma rinin ma yana ƙarya. An taɓa kawo mini ƙari daga wani ƙaramin asibiti a kwalbar mayonis, fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, bai ko rufe rabinsa ba, ya kwana a mota kafin ya iso Kumasi. Da na yanka, cikinsa ya yi laushi kamar hanta. Rini ya ƙi kamawa. In rubuta babu, ko in rubuta ya lalace?

Hajiya nas: Ku dai kafin wani ya soka allura a adirinal, a auna metanefirin tukuna, sinadarin da ke yawaita a jini ko fitsari idan ƙarin fiyokuromosaitoma ne. In ita ce, jini na iya hauhawa a kan teburin aiki, kowa ya rasa inda zai sa kansa.

Ɗalibin likita: Na sauka kan sinaftofaisin. Amma Anti, idan SF-1 ya kama kuma Ki-67 ya yi sama sosai, ba za ki yanke hukunci ba?

Likitar tiyata: Zan fara tambayar girmansa da nauyinsa. Kawo silaid ɗin gobe bayan azahar.