Yaya zan gane bayanin kayan aikin wakilin AI ya yi kyau?

Ɗan_Kurmi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa wa wakilin AI (manhajar AI mai zaɓar kayan aiki ta kira da kanta) kayan aiki biyu ta MCP (ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki na waje), ɗaya na neman oda, ɗaya na neman kwastoma. Da an tambaye shi lambar wayar mai saye, sai ya kira na oda. Ta ina zan gane ko bayanina ne bai fito ba?

Ummu_Hafsa: Wa alaikumus salam. Miƙa wa wanda bai san aikinka ba bayanin kawai, ka ce ya zaɓa. In ya rikice, wakilin ma haka zai yi, don sunan kayan aikin da bayaninsa da tsarin JSON (jerin guraben da zai cike in zai kira shi) kaɗai yake gani. Ka kuma rubuta masa lokacin da ba a kiran kowannensu.

Malam_Sabo: Ƙanena, duba sunayen guraben. "user" kaɗai, suna ne ko lamba? "user_id" ya fi. Gurbin kwanan wata kuma sa misali, 2025-03-01. Sannan ka tara tambayoyin kwastomomi na gaske, ka gwada kafin gyara da bayansa, ka ƙirga sau nawa ya zaɓi daidai.

Ɗan_Kurmi: Na gode Malam. Saƙon kuskure fa? Nawa "500" (lambar da ke nuna an sami matsala a sabar) kawai yake cewa.