Yoga, hawan dutse da kwanan tanti daga Rishikesh zuwa Chandrashila: ya yi wa sababbin shiga?

Ɗalibi_a_Noida:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu takwas ne, ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar da ke karatu a nan Indiya, maza biyar, mata uku. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya ba mu tsarin tafiya ta kwana shida a ƙarshen Oktoba: kwana ɗaya a Rishikesh ana koyon yoga, sai a shiga mota zuwa ƙauyen Sari, a hau tafkin Deoria Tal, a bi ta daji zuwa Chopta, a hau zuwa wurin bautar Tungnath da ƙololuwar dutsen Chandrashila, sannan a dawo. Kullum akwai yoga da safe da zaman nutsuwa da yamma, kwana kuma a tanti. Babu wanda ya taɓa hawan dutse irin wannan a cikinmu. Shin tsarin ya yi wa sababbin shiga? Wane kaya za mu nema? Kuma mafi yawanmu Musulmi ne, ya batun salla da ita kanta yogar?

Jagoran_Tsauni:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hanyar da aka zaɓa muku tana cikin masu sauƙi a yankin Garhwal na jihar Uttarakhand, lokacin ma ya yi. Damina tana ƙarewa a cikin Satumba, ita ce mai kawo zaftarewar ƙasa a kan titin Rudraprayag, dusar ƙanƙara mai yawa kuma sai wajen Disamba. Amma kada ku auna tsarin da kyawun hotuna, ku auna shi da tsayin wurin da za ku kwana kowane dare.

Rishikesh ba ta kai mita 400 daga saman teku ba. Daga can zuwa Sari kusan kilomita 200 ne, ta Devprayag da Srinagar da Rudraprayag da Ukhimath, awa bakwai zuwa takwas a kan titi mai kwane-kwane. Mai yin amai a mota ya sha magani tun kafin a tashi, ya zauna gaba. Sari tana wajen mita 2,000, Deoria Tal wajen 2,400, Chopta 2,600 zuwa 2,700, ƙololuwar kuma ta haura 3,600. Wato kuna ƙara tsayin makwanci a hankali, ranar ƙololuwa kuma ku hau ku sauko ku kwana ƙasa. Haka ake so. In kamfanin ya ce zai kwashe ku daga Rishikesh kai tsaye zuwa Chopta, a hau washegari don a rage kwana, kada ku yarda.

Ranar da ta fi cin jiki ba ta ƙololuwa ba ce. Daga Sari zuwa tafkin kilomita uku ne ko ƙasa da haka. Amma daga tafkin zuwa Chopta ta Rohini Bugyal ya kai wajen kilomita 15 na hawa da gangara a cikin daji, sabon shiga zai iya cin awa takwas. Ku nemi a raba muku shi gida biyu, ko a sauko Sari a ƙarasa da mota. Ku kuma tambayi ainihin inda za a kafa tanti da takardar izinin ma'aikatar gandun daji, domin wurin yana cikin gandun namun dajin Kedarnath, kuma a 2018 babbar kotun Uttarakhand ta hana kwana a filayen ciyawar saman tsauni da suke kira bugyal.

Mutum takwas suna buƙatar jagora biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya wanda ba ya wuce kowa. Malamin yoga ba ya maye gurbin na biyun sai in ya san hanyar kuma ya iya taimakon gaggawa. Alfadarai su ɗauki manyan jakunkuna, kowa ya goya wadda ba ta wuce kilo shida ko bakwai ba.

Kada wani ya zo da wayar tauraron ɗan'adam. Riƙe ta ba izini laifi ne a Indiya, ana kama baƙi a kanta. Lambar gaggawa 112 ce, amma sabis yana ɗaukewa a cikin dajin.

Anti_Mai_Jinya:

Ƙanena, kafin ku biya ko sisi, kowa ya san matsayin jininsa game da sikila. Kamfanin ba lallai ya tambaye ku ba, ku ne abin ya shafa. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da AS, to a cikin ku takwas da wuya a rasa. A saman Chandrashila iskar oksijin da ke shiga huhu a kowane numfashi kusan kashi biyu cikin uku ce ta wadda ake samu a bakin teku. Ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa da wahalar jiki su ne ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma duka huɗun suna haɗuwa a wannan tafiya. Mai SS ko SC ya tsaya a Rishikesh ya yi yogarsa a can. Mai AS galibi yana hawa lafiya, amma an san jini yana iya toshewa a saifarsa a kan tudu. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗar hagu. Ba kumburin ciki ba ne da za a ba shi shayi ya kwanta. A sauko da shi a kai shi asibiti.

Ciwon tsauni kuma ba ya duba ƙarfin mutum. Yakan fara daga mita 2,500, 'yan awoyi bayan isa: ciwon kai tare da tashin zuciya, rashin cin abinci, kasala, barci ya ƙi zuwa. Mai wannan ba ya ƙara hawa sai ya warware. In kuma ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko numfashi yana yi masa wuya alhali yana zaune, ko tari ya taso da kumfa, ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa ko huhu. Saukowa nan take ne maganinsa, ko da tsakar dare ne. Ku sa shi ya yi tafiya a miƙe, diddige na taɓa yatsun ɗaya ƙafar. In ya kasa, magana ta ƙare.

Abin da ke damuna da irin wannan tafiya ta neman nutsuwa shi ne ana ware awoyin shiru, ana kuma koya wa mutane su lura da ciwo su bar shi ya wuce. A ɗaki wannan ba laifi. A kan dutse yana sa mutum ya ɓoye ciwon kai saboda kunyar ɓata wa jama'a zama. Ku yi yarjejeniya tun daga ƙasa cewa dokar shiru ba ta hau kan maganar lafiya ba, kuma safe da yamma jagora ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya.

Ruwa lita uku zuwa huɗu a rana, a tafasa shi minti uku saboda a wannan tsayin yana tafasa kafin ya kai digiri 100. Ku riƙe gishirin ORS. Kada a kunna risho ko gawayi a cikin tanti don jin ɗumi: iskar da ke kashe mutane a ɗakin da aka kwana da janareta ita ce dai wannan, ba ta da wari.

Ɗalibi_a_Noida:

Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Gobe zan sa kowa ya duba nasa. Kamfanin ya ce zai ba da tanti da jakar barci, mu kawo tabarmar yoga, ita ce kuma za mu kwana a kai. Ya isa?

Jagoran_Tsauni:

Bai isa ba. Tabarmar yoga kaurinta milimita huɗu zuwa shida ne, an yi ta don kada ƙafa ta zame. A Chopta daren ƙarshen Oktoba yakan kusanci sifiri, wani lokaci ya gangara ƙasa da shi, kuma ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki, domin nauyinka yana danne jakar barcin ta ƙasa. Ku nemi katifar soso ta kwanan tanti mai kaurin santimita ɗaya ko fiye, ku ɗora ta yogar a kai. Jakar barci lamba uku ake rubuta mata. Ku duba ta kwanciyar jin daɗi, ta kasance digiri biyar ƙasa da sifiri ko kusa da haka. Lambar da ta fi ƙasa tana nufin kawai mutum zai kai safe da rai.

Tufafi hawa uku: ta jikin fata ta ulu ko ta roba mai saurin bushewa, suwaita a tsakiya, sai rigar da ke tare iska da ruwa. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta zama ƙanƙara a bayanka. Hula mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa ta ulu guda uku, ɗaya ta barci kaɗai. Takalmi ku saya yanzu ku yi ta yawo da shi, sabon takalmi bororo yake fitarwa tun ranar farko. Daga Chopta zuwa Tungnath kilomita uku da rabi ne na daɓen dutse, sai kilomita ɗaya da 'yan kai mai tsaye zuwa ƙololuwa. Ana tashi wajen ƙarfe uku na dare in ana son fitowar rana a sama, saboda haka kowa da tocilan ta goshi, batirinta ya kwana a cikin jakar barci. Raɓa tana daskarewa a kan daɓen, gangarowa ta fi hawa kayar da mutane. Sanda biyu suna rage wa gwiwa nauyi.

Malama_Mai_Yoga:

Ɗan'uwa, yogar da ake yi a Rishikesh ba ita za a ɗauka kacokan a kai Chopta ba. Ku karɓi jadawalin darussan ku duba abu uku.

Na farko numfashi. Kapalabhati da bhastrika numfashi ne da sauri da ƙarfi, suna fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, sai jiri da jin yatsu suna tsira. Kumbhaka kuma riƙe numfashi ne. Sabon shiga ya bar su duka daga Sari zuwa sama, mai hawan jini da mai farfaɗiya da mai ciki su bar su ko a ƙasa. Abin da ya dace shi ne numfashi ta hanci a hankali, a ja cikin ƙirga huɗu, a sake cikin shida, ba riƙewa, minti biyar zuwa goma. Tsayuwa a kan kai ma a ajiye ta: ƙasa ba a daidaice take ba, wuya kuma in ya gurɗe asibiti yana nesa.

Na biyu lokaci. Da safe jiki a sandare yake, minti 15 zuwa 20 na motsi mai gudana ya isa: juya idon sawu, gwiwa, ƙugu, kafaɗa. Miƙewa mai tsawo sai an sauke kaya da yamma jiki da ɗuminsa, daƙiƙa 30 zuwa 60 a kan sharaɓa da bayan cinya da ƙugu, sai a kwanta a ɗora ƙafafu a kan jaka. Ranar ƙololuwa da ranar doguwar tafiya ba a yin darasin awa guda kafin tashi, ƙarfin ƙafa na hanya ne.

Zaman nutsuwa shi aka fi kuskurewa. Mutum ya iso da gumi, a ce ya zauna awa guda bai motsa ba rana tana faɗuwa, ai rawar ɗari zai yi. A canja riga tukuna, a sa rigar sanyi da hula, a sha abu mai zafi, a zauna a kan jaka ko katifar soso yadda ƙugu zai fi gwiwa tsayi, minti 15 zuwa 20, tun rana ba ta ɓuya bayan dutse ba. Wanda shirun ya tayar masa da fargaba ko wani tsohon baƙin ciki ya buɗe ido ya tashi ya taka, ba dole. Ni na fi ganin amfanin tafiyar shiru ta rabin awa a shimfiɗaɗɗen wuri, ana daidaita taku da numfashi, jagoran baya yana ganin kowa.

Malam_Na_Gefe:

Batun addini, ku faɗa wa kamfanin a rubuce tun kafin ku biya. Motsa gaɓɓai da lura da numfashi abu ne daban, rera kalmar Om da sauran addu'o'in harshen Sanskrit da ake buɗe darasi da su abu ne daban. Surya namaskar asalinsa gaisuwa ce ga rana, sau da yawa kuma ana yin sa ana fuskantarta lokacin fitowarta, to Musulmi ya nemi a musanya masa da wani jerin motsin. Haka bikin fitilu na aarti a bakin kogin Ganga, ibadar mabiya addinin Hindu ce. Tungnath kuma wurin bautar Shiva ne, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, hanyar ƙololuwa ta gefensa ta bi. Ku wuce da mutunci, ba sai kun shiga ba.

Alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata kudu kaɗan, kada sabo ya sa ku fuskanci gabas. Ku matafiya ne, kasaru ta halatta, haɗa salla ma akwai sauƙi a kai, amma ku tambayi malaminku sharuɗɗan kafin ku tashi, har da na taimama da shafa a kan huffi. Ranar ƙololuwa asuba a hanya za ta same ku, ku fito da alwalarku daga tanti da ruwan ɗumi, ku gaya wa jagora za ku tsaya minti goma.

Abinci shinkafa ne da dal (miyar wake) da roti (gurasa) da ganye, ba nama, Rishikesh ma an hana sayar da shi. Kada wani ya ɗauko kilishi: jihar tana da dokar hana yanka saniya da sayar da namanta tun 2007, kuma abin yana iya jawo fitina. Dabino da gyaɗa da zuma sun wadatar a hanya.

Ɗalibi_a_Noida:

Sakamako ya fito, biyu daga cikinmu AS ne, babu SS. Su fasa ne, Anti?

Anti_Mai_Jinya:

Ba dole su fasa ba, amma su ga likita da takardar tsarin tafiyar a hannu, ya ga tsayin kowane wuri. In ya amince, su ne za su riƙa tsara saurin ayari, su sha ruwa tun ƙishirwa ba ta zo ba, kuma wanda ya tashi da zazzaɓi ko gudawa a ranar ba ya hawa. Jagororin biyu su san su waye, su kuma san alamar ciwon saifa da na faɗa. Chopta tana bakin titi, saboda haka ku biya kuɗin mota ta kwana tare da ku a daren da za a hau, direban ya san hanyar asibitin Ukhimath da na Rudraprayag.