Yarona ya ishe ni da katin 'yan besbol, wai da gaske akwai kuɗi a ciki?

Baban Khalifa, Bronx:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah mazauna Amurka ko duk wanda ya san kan harkar nan ya taimaka min da bayani. Ni tasi nake ja a New York, gidanmu ba nisa da filin kulob ɗin besbol na Yankees, duk ranar da suke wasa titi na 161 cushewa yake yi amma wlh ban taɓa leƙawa ciki ba, ni ƙwallon ƙafa na sani. To yarona yanzu ba shi da zance sai katin 'yan besbol, duk sati a saya masa fakiti, ya farke ya zube su a tsakar ɗaki yana warewa, wannan Judge wannan Ohtani, wasu ya sa a leda wasu ya watsar uwarsa ta yi ta shara. Kwanan nan wani tsoho maƙwabcinmu da zai tashi ya ba shi kwali guda cike da tsofaffi, na juya bayansu na ga 1988, 1989, 1990, 1991, yawanci na kamfanonin Topps da Donruss da Fleer. Yaro sai tsalle yake wai mun yi arziki don ya ga an sayar da kati ɗaya miliyoyin daloli. Shin da gaske ne? Kwalin nan namu zai yi wani abu? Sannan uwarsa ta kafe wai sayen fakitin nan caca ce kawai aka canza mata riga, ni dai na rasa ta cewa.

Malam Sani Harlem:

Wa'alaikumus salam Baban Khalifa. Yaro bai yi ƙarya ba, amma kada ka ajiye tasi tukuna 😄

Wanda ya gani ina jin katin Mickey Mantle, tsohon ɗan wasan Yankees, ne na Topps na 1952, a watan Agustan 2022 aka yi gwanjonsa dala miliyan 12.6, kuma wanda ya sayar da shi dala dubu 50 ya saye shi a 1991. Abin da ya sa ya yi wannan tsadar, rukunin katin da Mantle yake ciki a ƙarshen kaka suka fito lokacin yara sun riga sun koma kan wani wasan, kaya suka yi kwantai a sito, har Sy Berger mutumin Topps ɗin da ya tsara katin ya ba da labari da bakinsa cewa daga baya lodin su suka yi a jirgin ruwa aka zubar a teku. Waɗanda suka isa hannun yara kuma ai ba wanda ya ɗauke su dukiya, a cingam ake samun su, a ɗaure da roba a cusa a aljihu, wasu ma a tayar keke suke maƙalawa don ta riƙa ƙara, in yaro ya girma uwa ta kwashe ta zuba a bola. Shi ya sa samun mai lafiya garau yau sai an tona. Akwai kuma na Honus Wagner ɗan wasan Pittsburgh, wanda kamfanin taba ya riƙa sakawa a kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911, aka dakatar da buga nasa da wuri, waɗanda aka san suna nan a duniya ba su wuce 'yan gomomi ba, an sayar da ɗaya dala miliyan 7.25 a 2022.

To naku kuma akasin haka ne. Daga wajen 1987 zuwa 1994 mutane sun riga sun farga cewa tsohon kati kuɗi ne, kowa ya shiga saye yana ɓoyewa, kamfanoni su kuma suka sakar wa inji mara suka yi ta bugawa ba lissafi. Tsohon nan da ya ba ku, akwai dubban irinsa da kwali iri ɗaya a ƙarƙashin gado, duk sabbi fil. Abin da kowa ke da shi wa zai saya? Da aka yi yajin aikin 'yan wasa a 1994 har aka soke gasar World Series, wato fainal ɗin besbol, sai kasuwar ta ƙarasa faɗuwa. Abu ɗaya zan ce ku duba, Ken Griffey Jr. na kamfanin Upper Deck na 1989, shi ne lamba 1 a jerin, yaro ne yana murmushi da hular Seattle. Shi ma sai in kusurwoyinsa huɗu a tsaye suke, hoton yana tsakiya daidai bai karkata ba, fuska ba ƙarzuwa, don kamfanonin tantancewa irin PSA maki suke ba wa daga 1 zuwa 10 su rufe shi a roba, kuma tsakanin 8 da 10 tazarar kuɗin ba kaɗan ba ce.

Maman Afnan, Columbus:

Ni dai ina bayan Hajiya uwar Khalifa, Allah ya ƙara mata basira. Ka biya kuɗi kan abin da ke rufe ba ka san me ke ciki ba kana fatan a dace, me sunan wannan? Ku duba bayan ledar ko shafin kamfanin, su da kansu suke rubuta cewa kati kaza sai a fakiti kaza ake samun ɗaya. Wanda ma ya fi ɗaga min hankali shi ne na waya, wani zai zauna gaban kyamara da kwali a rufe, mutane su sayi kulob-kulob, ya buɗe kai tsaye, in katin kulob ɗinka ya fito naka ne in bai fito ba kuɗinka ya bi ruwa, kuma yara suna kallo har tsakar dare. Labarin yaron nan ɗan shekara 11 na wajen Los Angeles da ya ci karo da katin Paul Skenes guda ɗaya tak a duniya aka sayar dala miliyan 1.11 a 2025, shi ya ƙara rikita su, kowane yaro gani yake shi ne na gaba, ba mai ba da labarin sauran da suka buɗe suka tashi a tutar babu.

Hukunci kam a tambayi malamai ni ba malama ba ce. Amma abin da na yi wa nawa 'ya'yan, na hana fakiti na ce duk ɗan wasan da kake so faɗi sunansa mu je shagon kati ko eBay mu sayi katinsa shi kaɗai, ka ga kaya ka ga farashi, ciniki ya faɗa. Katin Judge na yau da kullum dala ɗaya biyu ne fa, bai kai kuɗin fakitin ba.

Abba Fagge:

Ikon Allah, kwali ɗan mitsitsi miliyan goma sha biyu, a dala kuma! Mu da muka tara hotunan 'yan ƙwallo na cikin cingam muna yara muka liƙe a bangon littafi ashe asara muka yi. Ni tambayata wasan ma kansa, na taɓa kunnawa na ga mutum ya tsaya da sanda ana ta jifa, sai tofar da yawu suke ana taunar abu, na yi barci. Me ake kallo a ciki fisabilillahi?

Ɗan Agadas, Queens:

Abba ba laifinka ba ne, wasan da aka fara bakwai na yamma a New York sha biyun dare ne a Kano, ko fainal ce sai ka yi gyangyaɗi. Ga shi a taƙaice. Mutum tara ke fili, zagaye tara ake yi, a kowane zagaye kulob zai yi ta bugu har sai an fitar masa da mutum uku sannan a yi musanya. Ci shi ne ka buga ka zagaye tasha uku ka dawo inda ka tashi, in ka maka ta ta tsallake katanga shi ne home run, kai da duk wanda ke kan tasha kun ci. Ainihin daɗin yana tsakanin mai jifa da mai bugu, ƙwallo na zuwa da gudun mil casa'in da wani abu, wata ta zo tsaye wata ta lanƙwasa dab da kai, wanda ya samu uku cikin goma ma gwani ake ce masa. Kulob 30 ne, kowanne wasa 162 a kaka daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana yi, kuma tun 2023 da suka sa wa mai jifa agogo wasan ya daina jan jiki kamar da.

Baban Khalifa, Yallaɓai ni a ganina inda aka bar ka a baya shi ne bayan katin, kai shekara kawai ka duba. Lambobin nan ƙanana da ke jere tarihin mutum ne kaka bayan kaka. Ɗauki na Judge ka ce yaro ya nuna maka layin 2022, za ka ga 62, home run ɗin da ya karya tarihin 61 na Roger Maris da ya tsaya tun 1961 a lig ɗinsu. Na Ohtani kuma 2024, home run 54 da satar tasha 59 (wato ka ruga tasha ta gaba lokacin da mai jifa ke jifa), ba wanda ya taɓa haɗa hamsin da hamsin kafin shi, ga shi kuma yana jifa yana bugu, shi ya sa tun a ƙarshen 2023 kulob ɗin Dodgers suka ba shi kwantiragin dala miliyan 700. Yaron da ke ware kati yana haddace wannan lissafin ni ban ga ɓarna a ciki ba, da shi da wanda ke manne da gem dare da rana ai da bambanci. Kuma ka nemo masa ko sabon bugu ne na Jackie Robinson, baƙar fata da ya shiga Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilun 1947 ya sha zagi da wulaƙanci, yanzu lambarsa 42 an jingine ta a duk kulob-kulob, sai ranar tunawa da shi kowa ke sakawa. Sannan haba, kana Bronx jirgi mai lamba 4 na sauke mutane a ƙofar fili, ka sayi tikitin can sama na tsakiyar mako ka kai yaro mana.

Baban Khalifa, Bronx:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Maman Afnan na karanta wa Hajiya naki har sau biyu ta sa na maimaita, an rufe babin fakiti. Malam Sani mun zazzage kwalin jiya bayan isha'i mun samu Griffey na 1989 amma Donruss ne ba Upper Deck ba, kuma kusurwa ɗaya ta ɗan lanƙwashe. In aika PSA ɗin ne?

Malam Sani Harlem:

A'a kada ka aika, kuɗin tantancewa da na aikawa sai sun ninka kuɗin katin, da wannan lanƙwasar 'yan daloli ne kawai. Amma na shekararsa ta farko ne, a sa shi a leda mai laushi sannan a zura a roba mai tauri, kada a ɗaure da kyauro kuma a nisanta shi da rana da hitar ɗaki. Sauran ya tafi da su makaranta su yi musanya da abokai. Ɗan Agadas kai kuma na ga Queens a sunanka, in ɗan Mets ne kai, kulob ɗin unguwarku, ka fito fili ka faɗa, tun 1986 rabonku da kofi.